Littafin Ƙyalle da Kunyar 'Yar Fari

Sadiq, wata biyu ke nan da ka aiko kana tambaya waɗanne littattafai ya kamata ku saya wa jaririyarku, kuma na san kai da matarka kuna mamakin shirun da na yi. Ba mantuwa ba ce. Sau uku ina ɗaukar biro in jera muku sunaye, sau uku ina ajiyewa, domin da na fara sai in ga amsar ta ƙi tsayawa a sunan littafi. Sai ta koma Agege, shekarar da sojoji suka sauka daga mulki da wadda ta biyo bayanta, lokacin yayarku Ummi tana gab da cika shekara biyu. Tunda ka tambaya, bari in rubuta muku duka, ku 'ya'yana huɗu. Akwai ma abin da na daɗe ina so in gyara. Na sha jin kuna ba da labarin nan a tsakaninku kamar ni jaruma ce, Goggo Delu kuma tsohuwa mai taurin kai da ta so raba uwa da 'yarta. Ba haka aka yi ba, ko kuma in ce ba haka na tuna ba. Mai yiwuwa na manta wasu abubuwa, amma abin da zan faɗa na juya shi a raina shekara da shekaru.

Ni 'yar fari ce a wurin mahaifiyata, saboda haka da aka yaye ni sai aka kai ni wurin yayar mahaifina, Goggo Delu, a ƙauyenmu can bayan Kazaure. Haka ake yi a wurinmu. Uwa ba ta riƙon ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa ko yi masa wasa a gaban mutane. Kunya ce, ba ƙiyayya ba, kodayake na san ku da kuka tashi a Legas abin zai yi muku wuyar fahimta. Goggo ce ta tsaya kai da fata na yi boko har na yi digiri a fannin ilimi, a lokacin da mata da yawa suke ce mata za ta ɓata ni. Don haka da na auri babanku aka kawo ni Agege, na zo da tsoro guda ɗaya wanda ya fi sauran: kada a ce boko ya cire mini kunya, kada a ce Goggo ta yi asara. Da na haifi Ummi ta zo wankan jego, kuma kafin ta koma aka yi magana a gabana da gaban babanku cewa idan an yaye yarinya za ta dawo ta tafi da ita. Na yarda. A gaskiya ma daɗi na ji, don a ganina babu hannun da ya fi nata.

Gidan da muke haya irin mai ɗakuna a jere ne, ƙofa tana kallon ƙofa, bayansa kuma layin dogo. Ɗakinmu taga ɗaya gare shi, ƙarama, ita ma katangar maƙwabta ta tare ta, kuma wuta ba ta cika zama ba. Komai a tsakar gida ake yi. A nan na riƙe kunyata fiye da yadda ko a ƙauye ake riƙewa. Idan zan shayar da Ummi sai na shiga ɗaki na saki labule. Idan ta yi kuka a waje sai in kau da kai har wani ya ɗauka. “Yarinyar nan” nake ce mata. Wadda ta fi kowa ɗaukarta ita ce Mama Rifkatu, tela ce 'yar kudancin Kaduna, kekenta a bakin ƙofarta yake, daura da tamu. Hausarta irin ta can ce, mace da namiji duk “ka” take ce musu. A Legas kuwa, kun sani, da sunan ɗan fari ake kiran mace, abin da a wurinmu ba a ko furtawa. Kullum sai mun yi da ita.

“Maman Ummi! Maman Ummi! Kai, wannan mata, ina kiranka kana yi kamar ba kai ba.”

“Mama Rifkatu, Sa'adatu sunana.”

“To waye ya haifi Ummi? Ni ce? Abeg, zo ka karɓi yarinyanka, ina da ɗinkin coci.”

Sai in yi dariya in wuce. Abin da har yau yake ba ni kunya ta gaske shi ne, a jami'a na karanta yadda yaro yake koyon magana, na ci jarrabawar da maki mai kyau. Na san ana so a riƙa yi wa jariri hira ana kallon idonsa. Na san shi a takarda. Ban taɓa haɗa shi da yarinyar da take rarrafe a ƙofar ɗakina ba.

Ummi ta yi tafiya da wuri, tana da wayo, tana da dariya, amma har ta wuce shekara ɗaya da rabi ba ta ce “Baba” ba. Na fara damuwa, kuma kun san ni da damuwa. Kowa a gidan yana da amsa. Aka ce yaran Agege haka suke, kunnensu yana jin Hausa da Yarabanci da Turancin kasuwa a lokaci guda, dole su yi jinkiri kafin su zaɓa. Da na yi wa babanku maganar ko kunnenta ne, dawowarsa ke nan daga rabon burodi, sai ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi haifaffen Agege ne, ba ya ɗaukar abu da zafi.

“Malama mai digiri, kin fara ko? Yarinyar da take sanin jirgi yana zuwa kafin kowa a gidan nan? Kunnenta ya fi naki.”

Gaskiya ya faɗa ta wani ɓangaren. Duk ranar da jirgin ƙasa zai wuce, tun kafin mu ji ƙararsa Ummi za ta tsaya cak, ta juya wajen katangar baya tana tafa hannu. Har kiran mutane ake yi su zo su gani. Wannan hujja ita ta rufe mana ido wata da watanni, har da ni.

Wata rana babanku ya shigo da wani ɗan littafi mai kaurin kwali da ya gani wurin masu gwanjo a bakin titi. Na ƙasar waje ne, akwai hoton wata dabba mai gashi sanye da hula, da ƙanƙara tana zuba, da wasu 'ya'yan itace da ko ni ban taɓa ci ba. Ya ce tunda na yi karatun koyarwa sai in gwada a gida. Na bari sai bayan azahar, gidan ya yi shiru, na rufe ƙofa kamar mai shirin sata. Ko a nan, ni da ita kaɗai, na kasa juyo da ita ta fuskance ni. Na zaunar da ita tsakanin ƙafafuna, bayanta a jikina, na buɗe littafin a gabanta ina karantawa ina fassarawa. Ba ta bi abin da nake nunawa ba, sai juya shafi take yi tana kai wa baki. Can da na ɗaga murya, sai ta tsaya cak, daidai irin tsayuwar da take yi wa jirgi. Ta juyo, ta ɗora tafin hannunta a ƙirjina, ta zuba wa bakina ido. Na yi shiru, ta jira. Na sake magana, sai ta ƙyalƙyale da dariya ta ƙara danna hannun. A nan na gane. Ba muryata take ji ba, girgizar ƙirjina take ji a bayanta. Jirgin ma ba ƙararsa ba ce, ƙasa ce take rawa a ƙarƙashin ƙafarta. Na lallaba na ɗauko murfin tukunya da ludayi, na koma bayanta na buga da ƙarfina. Mama Rifkatu ta ƙwalo daga waje tana tambaya lafiya. Ummi ba ta ko ƙifta ido ba.

A asibiti suka tabbatar. Likita ya ce kunne ɗaya babu komai, ɗayan akwai ɗan saura kaɗan, kuma wataƙila zazzaɓin da ta yi tana 'yar wata bakwai ne. Ban sani ba ko da na lura da wuri da wani abu ya canza. Na tambayi likitoci da yawa tun daga nan, wasu sun ce a'a, wasu sun yi shiru. Abin da na sani shi ne, uwar da take kiran sunan 'yarta kullum za ta gane ranar da ta daina waiwayowa. Ni ban taɓa kira ba.

Mama Rifkatu ce ta kai ni wurin wata malama Bayarabiya a Ogba, muna ce mata Madam Bisi, wadda take da ƙaramar makarantar yara a gidanta. A ajinta na ga abin da ban taɓa gani ba ko a jami'a: yara masu ji da yara biyu kurame da wani da ba ya iya tafiya, duk a tabarma ɗaya, suna kallon littafi ɗaya, tana faɗa da baki tana kuma nunawa da hannu. Masu jin ma sun iya maganar hannun, wasa suka ɗauke ta. Ta ce za ta karɓi Ummi idan ta ƙara girma, amma aikin ba nata ba ne, nawa ne, kuma daga yau zai fara. Na nuna mata littafin gwanjon. Ta juya shi ta miƙo mini.

“Madam, wannan yarinya ta taɓa ganin ƙanƙara? Ki ba ta abin da ta sani. Abu ɗaya a shafi ɗaya. Ki nuna mata hoton, ki nuna mata abin na gaske, ki yi alamar da hannu, ki faɗa da baki. Kuma dole ta ga fuskarki, a wuri mai haske, kowace rana. Idonta ne kunnenta yanzu.”

Na ce to. A danfo, ƙaramar motar haya, muna dawowa ne na fahimci abin da na amsa. Wuri mai haske ɗaya ne a gidanmu, tsakar gida, gaban kowa.

Mun fara da littafin tukuna, don shi ya fi sauƙi. Mama Rifkatu ta zazzage buhun ragowar ƙyallayenta, muka zauna muna zaɓa. Ta yanko danfo daga wani yadi ruwan ɗorawa ta ɗinka masa baƙin layi. Ta yi burodi da soso a ciki don ya yi laushi idan an danna. Ta yi buta, da takalmi mai maɓalli na gaske, da jirgin ƙasa mai tarago uku. Babu harafi ko ɗaya a ciki. Shafi biyar ne, an haɗa su da zare mai ƙarfi. Na riƙa gwadawa a ɗaki da labule a sake, amma a wannan duhun Ummi ba ta ganin bakina sosai, sai ta gaji ta zame ta fice wurin haske. Kusan mako biyu ina wannan fama, na kasa fita.

Ana cikin haka Goggo ta iso, kamar yadda aka yi alkawari. An riga an aika mata da labarin. Ban taɓa ganin ta karɓi yaro da tausayi irin na ranar ba. Ta goya Ummi da kanta, tana zagaya tsakar gida da ita, ita kuma Ummi ta maƙale mata, ta fi son Goggo ta buɗe baki ta ga haƙorinta na Makka tana taɓawa da yatsa. Littafin kwalin ne kawai Goggo ta ƙwace ta ɗora a kan kabad, ta ce ba a bar wa yaro takarda mai rubutu yana tauna yana jefarwa a ƙasa. Na ƙyallen kuwa ta juya shi gaba da baya, ta ce wannan ai tsumma ne, ba laifi. Bayan kwana uku ta zaunar da mu ni da babanku.

“Ranar Asabar za mu tafi. Lalurar nan ma ita ta ƙara sa ni sauri. Sa'ade, dubi titin nan naku. Yarinyar da ba ta jin odar mota, rana ɗaya za ta fita ƙofa, shi ke nan. Ga garin naku kullum ana zaman ɗar-ɗar, yau a ce an yi faɗa can, gobe a ce ku kwana da shiri. Idan aka ce a gudu, da me za ta ji? A gida kuwa kowa zai san ta. Ga Audu bebe nan, da gonarsa da matarsa da 'ya'yansa, wa ya taɓa buɗe masa littafi? Na ma riga na saya mata akuya, tana can ɗaure.”

Ina so ku lura, babu ƙarya ko ɗaya a maganarta. A shekarun nan an yi ta samun tashin hankali a wasu unguwanni, maƙwabtanmu da dama sun tura 'ya'yansu Arewa. Titin ma gaskiya ne. Kuma na san a hannun Goggo Ummi ba za ta taɓa kwana da yunwa ko ta rasa gata ba. Abin da na kasa cirewa daga raina Audu bebe ne. Na san shi tun ina yarinya. Mutumin kirki ne, kowa yana sonsa, amma ban taɓa ganin wanda ya zauna ya yi hira da shi ba. Ana nuna masa abinci, ana nuna masa gona. Ranar da mahaifiyarsa ta rasu ban san yadda aka yi masa bayani ba, ban san ko an yi ba. Na tambayi babanku ra'ayinsa da muka keɓe. A karon farko ban ga dariya a fuskarsa ba.

“Sa'a, ni ina son 'yata a gabana. Amma da bakina na yi wa Goggo alkawari, kuma ita ta riƙe ki. Ba zan shiga tsakaninku ba. Abin da kika yanke, ina bayanki.”

Na ji haushinsa a lokacin. Daga baya na ga wataƙila daidai ya yi, don da shi ya hana, da na ɓuya a bayansa har abada.

Ba zan ce muku na yanke shawara ba, don ban tuna na yanke ba. Ranar Alhamis da hantsi, tsakar gida cike, masu wanki suna wanki, Mama Rifkatu tana kan keke, Goggo tana zaune a tabarma tana gyaran wake. Ummi ta fito daga ɗaki tana jan littafin ƙyallen a ƙasa. Ta wuce Goggo, ta wuce kowa, ta zo ta tsaya a gabana inda nake tsugune ina wanke-wanke, ta ɗora mini shi a gwiwa. Abin da na saba shi ne in kau da kai har wani ya janye ta. Na ji idon Goggo a kaina. Sai na tuna Asabar saura kwana biyu, kuma yarinyar nan za ta tafi ba ta taɓa ganin fuskata a rana ina yi mata magana ba. Na goge hannuna a zani, na zauna a ƙasa, na ɗauke ta na ɗora a cinyata tana fuskantata. Na buɗe shafin buta, na nuna mata, na jawo butar gaske da take gefena, na yi alamar zuba ruwa, na ce “buta” a hankali tana kallon bakina. Ta dubi hoton, ta dubi butar, ta dube ni. Na sake. A karo na huɗu ko na biyar ta ɗaga ɗan hannunta ta karkata shi kamar mai zuba ruwa, sannan ta buga hoton da tafinta, ta buga butar. Ban san lokacin da na ce da ƙarfi, “Ummi! Haka ne, Ummi!” ba. Keken Mama Rifkatu ya tsaya.

“Sa'ade,” in ji Goggo, ba ta ɗaga murya ba. “A gabana?”

Na kasa kallonta. Na ce, “Goggo, ki gafarce ni. Idan ban yi haka ba, ba za ta san sunan komai ba. Kuma abin kullum ne ake so. Ba zan iya ba ki ita ba.”

Ta daɗe tana tsince waken da ta riga ta tsince. Sannan ta ce, “Da uwarki ta faɗa mini haka ranar da na je ɗaukarki, da yanzu kina can kina daka. Ni na kai ki bokon da kike mini karatu da shi.”

Na juya wa Ummi shafi na gaba. Har yau maganar nan tana raina.

Ranar Asabar muka raka ta tashar Iddo. Tun daga Agege ba ta yi mini magana ba, da babanku kawai take yi. Da ta shiga mota ta zauna a bakin taga, babanku ya ɗaga Ummi don su yi sallama. Ummi ta dube ta, ta kai yatsa ta ƙwanƙwasa haƙorinta na gaba, ta nuna Goggo. Ba wanda ya koya mata. Ita ta yi wa Goggo suna da kanta, kuma shi ne sunan mutum na farko da ta taɓa faɗa. Goggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Mota ta tashi.

Kusan shekara uku ba ta aiko mini da ko gaisuwa ba. Da na haifi Hafsatu ba ta zo wankan jego ba, Mama Rifkatu ce ta dafa mini ruwa tana tambayar matan Hausawa yadda ake yi. A ƙauye aka ce Legas ta cinye mini kunya, aka ce na ci amanar wadda ta riƙe ni. Wasu daga cikin masu faɗar haka har suka rasu ba su canza ra'ayi ba. Kuma kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi a wannan gefen. Akwai ranakun da Ummi take jefar da littafin ta yi ta ihu, ni ma in shiga ɗaki in yi kuka ina cewa wataƙila Goggo ce da gaskiya. Sau ɗaya ta taɓa fita har bakin titi, mai shagon ƙofar gida ya riƙo ta. A ranar, da a ce akwai mota mai zuwa Kazaure a ƙofar gida, ina jin da na sa ta a ciki. Amma kalmomin suna ta taruwa. Muka ƙara shafuka. Yaran gidan suka fara zagaye mu da hantsi, Hausawa da Yarabawa, kowa yana so ya iya alamar danfo, har ya zama idan Ummi ta fito akwai masu yi mata magana ba ni kaɗai ba. Ta shiga ajin Madam Bisi, daga baya aka sa mata na'urar ji a kunnen da yake da saura. Sauran kun sani, tunda yanzu ita take koyar da yara irinta, ita kuma take gyara mini alamomina idan na yi kuskure. Wani abu kuma, tun daga waccan Alhamis, idan Mama Rifkatu ta ƙwala “Maman Ummi,” sai in ce na'am. Ranar farko har rawa ta taka.

To Sadiq, ga amsar tambayarka, gwargwadon abin da na sani, kuma ba na cewa ni ce na fi kowa sani. Ga jaririya, ku nemi littafin da za ta iya taunawa ba ya yagewa, na ƙyalle ko na kwali mai kauri, wanda za a iya wankewa ko gogewa. Hoto ɗaya babba a shafi ya fi goma ƙanana. Ku fara da abin da take gani a gidanku, kofi da takalmi da fuskar mutane, ƙanƙara da dabbobin dawa za su jira. Ku samu wanda yake da abin taɓawa, laushi da kaushi, don ba ku san ta wace ƙofa yaro zai shiga ba, kuma idan wata rana ta yi ƙawa makauniya, su ma su iya zama a kan littafi ɗaya. Idan ta ƙara girma ku nemi masu maimaita magana ɗaya tana dawowa, yara suna son su riga ka faɗa. Ku nemi kuma wanda a cikin yaransa akwai mai sanda ko mai na'ura a kunne yana wasa kamar kowa, ba ana tausaya masa ba. Da wace Hausa ko wane Turanci, wannan ku kuka sani, ku dai karanta da harshen da kuke dariya da shi. Idan ba ku samu a kasuwa ba, tela yana nan. Kuma ku riƙa kiran sunanta daga baya lokaci zuwa lokaci ku ga ko ta waiwayo. Ba don in tsorata ku ba.

Saura shafin ƙarshe na littafin Ummi, wanda kuka sha tambayata me ya sa ƙyallensa ya bambanta. Ummi tana da shekara biyar wani mai kawo shanu daga wajenmu ya yi sallama a ƙofar gida, ya ce yana da saƙo daga Goggo Delu. Na ɗauka rasuwa ce. Sai ya miƙo ɗan ƙunshi. A ciki akwai yankin zanen saƙi, na gane shi nan take, shi ne wanda take goya ni da shi. Na tambaye shi ko akwai wasiƙa. Ya ce babu, da baki ta faɗa, kuma ta sa shi ya maimaita sau biyu don kada ya ɓata.

“Ta ce a gaya wa Maman Ummi, ta duba tsumman nan nasu ba ta ga akuya a ciki ba. A ba telar nan ta ɗinka, don yarinya ta san tana da akuya a gida. Ta ce har akuyar ta haihu.”

Na sa ya sake faɗin farkon. Ya ce haka ta ce, Maman Ummi.

A wannan shekarar muka je gida. Ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban taɓa cewa ta yi kuskure ba, har Allah ya karɓi ranta. Amma na ga Ummi ta ja ta har turken akuya, ta buɗe shafin, ta koya mata alamar da yatsu biyu a goshi, Goggo kuma tana gwadawa tana cewa wannan yarinya za ta mai da ita abin dariya a gari.

Littafin yana nan a akwatina, zaren ya saki a wuri biyu amma zai gyaru. Ummi ta ce a ba ku. Ka zo ka ɗauka. Idan za ku karanta mata, ku fito inda haske yake, ku juyo da ita ta kalli fuskarku.